Tabon da Ke Tafin Ƙafar Baffa

Mutumin Zabarmari da ƙafarsa yake ci. Tun daga faɗuwar damina har a kai shinkafa masussuka, manomi yana tsaye cikin ruwa da laka, galibi ba takalmi, don takalmi ba ya zama a ƙafa a fadama. Ƙaya ta soke shi, kututturen kara ya yanke shi, in hunturu ya shigo faso ya tsattsaga masa diddige. Shi ya sa a garinmu ciwon tafin ƙafa ba ya cikin lissafin cututtuka. Ka ga mutum yana ɗingishi, ka yi masa sannu, ya ce ƙaya ce, shi ke nan an wuce wurin. Ga kuma halin da muka shiga a shekarun nan. Garin da ya yi jana'izar mutum 43 a rana ɗaya, ranar 29 ga Nuwamba 2020, bayan kisan gillar da aka yi wa masu girbi a gonakin Koshebe, da wuya ɗan tabo a ƙafa ya hana wani barci a cikinsa. Mai fita gona hankalinsa yana kan ko zai dawo gida da yamma.

Baffana, ƙanen mahaifina, ya tsallake duk wannan tashin hankali da ransa da lafiyarsa. Abin da ya yi ajalinsa ya fara ne da wani baƙin tabo a gefen diddigensa na dama, bai fi ƙwayar wake ba, a shafe yake, ba ƙaiƙayi ba zafi. 'Yarsa ce ta fara lura da shi wata rana yana alwala. Ya ce tawadar Allah ce. Ta ce, "Baba, ai tawadar Allah ba ta girma, wannan kuwa bara bai kai haka ba." Ya yi murmushi, ya sa takalminsa ya tafi masallaci.

Da tabon ya fara tasowa yana gugar takalmi, sai ya kai wa wanzami. Wanzamin ya zaci kan ƙaya ne ya karye a ciki, ya sa aska ya kankare, wurin ya yi ta jini. Ni ban ga laifinsa ba, domin a cikin mutum ɗari da za su kawo masa irin wannan ƙafa, kusan dukkansu ƙayar ce. Sai dai wannan bai warke ba. Ya dawo, ya fi da faɗi, bakinsa ba daidai ba, wani gefe baƙi ƙirin, wani gefe ruwan ƙasa. Mai kemis ya yi ta wankewa yana ɗaurewa, yana ba da kafso. Damina ta zo, Baffa ya naɗe ƙafar da leda ya shiga ruwa, don shinkafa ba ta jiran mai ciwo.

A nan ne aka yi abin da har yau yake ci mini rai. Dattawan unguwa da suka ga ciwon ya zama gyambo mai wari, sun faɗi sunansa daidai: suka ce daji ne. Amma tare da sunan suka haɗa da hukuncin da kowane Bahaushe ya taɓa ji, cewa daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura, in aka kai shi asibiti aka taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Ganewar da ya kamata ta sa a garzaya da shi Maiduguri ita ce ta tsare shi a gida, ana jiƙe-jiƙe da shafe-shafe. Na yi ta tunanin inda wannan magana ta samo asali, kuma ina jin na gane. Mutanenmu ba sa kai mai daji asibiti sai ciwon ya gama cin ƙarfinsa. A yi masa aiki, ba da jimawa ba ya rasu, sai a ce wuƙa ce ta kashe shi. Kowace irin wannan mutuwa tana ƙara wa maganar ƙarfi, maganar kuma tana ƙara jinkirta na gaba.

Sai da kaluluwa ta fito masa a matsematsi, mai tauri, wadda ba ta sauka, sannan ya yarda muka shiga gari. Likitan da ya duba shi matashi ne. Ya daɗe yana kallon ƙafar, ya lalubi kaluluwar, ya ce, "Baba, yaushe wannan abu ya fara?" Baffa ya ce, "Ɗana, an kwana biyu." Aka yanki ɗan nama daga bakin ciwon aka kai ɗakin gwaji. Bayan makonni sakamako ya fito da sunan da ban taɓa ji ba duk da ina koyar da kimiyya a sakandare: melanoma, dajin da yake tasowa daga ƙwayoyin da ke ba fata launi.

Na ce wa likitan ni dai na san kansar fata ta Turawa ce, masu kwanciya a rana. Ya ce haka ne, a wurinsu ta fi yawa nesa ba kusa ba, kuma rana ce ke jawo mafi yawanta. Amma akwai wani nau'i da ba ruwansa da rana, yana fitowa a tafin ƙafa, da tafin hannu, da ƙarƙashin farce, kuma shi ne nau'in melanoma da ya fi kama baƙar fata. Ya tambaye ni ko na san Bob Marley, mawaƙin Jamaika. Shi ma haka nasa ya fara a 1977, a ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafa, aka ɗauka raunin ƙwallo ne. Likitoci suka ba da shawarar a cire yatsan, bai yarda ba. Ya rasu a watan Mayu 1981 yana da shekara 36, ciwon ya kai huhu da ƙwaƙwalwa.

Abin da ya fi tsaya mini a bayanin likitan shi ne maganar kauri. Tun 1970 wani likitan binciken nama mai suna Alexander Breslow ya nuna cewa zurfin da melanoma ta yi cikin fata shi ne babban ma'aunin abin da zai biyo baya. Wadda ba ta kai milimita 1 ba, yawanci yankewa kawai ta wadatar, a ɗinke, mutum ya koma harkarsa. A ƙididdigar Amurka, wanda aka gano tasa tana nan inda ta fito ba ta motsa ba, kusan 99 cikin 100 suna nan da rai bayan shekara 5. In ta riga ta kai gaɓoɓi masu nisa, adadin yana faɗowa zuwa wajen kashi ɗaya cikin uku, a ƙasar da take da kowane irin magani. Ta tafin ƙafa ma ta fi sauran muni. Ranar da 'yar Baffa ta yi magana a wurin alwala, ƙaramin aiki ne da allurar kashe zafi. Ranar da muka je, ta wuce milimita 4, ta fashe, ta shiga kaluluwa.

An yi masa aiki, an yanke wurin da faɗi, an kwashe kaluluwar. Ya samu sauƙi na wani lokaci, har ya koma zama a bakin gona yana nuna wa yara aiki. Daga baya tari ya zo, hoto ya nuna abin ya sauka a huhu. Likita ya gaya mini gaskiya, cewa allurar kemo da aka saba ba ta cika yin tasiri a kan melanoma ba. Akwai sabuwar allura mai suna pembrolizumab, wadda take sake wa garkuwar jiki mara ta yaƙi dajin, ana yin ta duk mako uku, amma kowace ɗaya kuɗinta miliyoyin naira ne. Ita ce aka yi wa Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka, mutumin da ya yi ta zuwa Najeriya kan yaƙi da kurkunu tare da Janar Yakubu Gowon. A 2015 melanoma ta kai masa hanta da ƙwaƙwalwa yana ɗan shekara 90. Aka yi masa tiyata, aka ƙona na ƙwaƙwalwar, aka sa shi a kan allurar, ya rayu har ya cika shekara 100, ya rasu a Disamba 2024. Mun zauna da 'ya'yan Baffa muna lissafin abin da za a sayar. Ya ji mu daga ɗaki, ya kira ni ya ce, "Malam, kada ku sayar da gonar nan saboda ni. Marayu za su ci." Bai kai girbin shekarar ba rai ya yi halinsa. Allah ya jiƙansa.

Bayan rasuwarsa ban daina karanta duk abin da ya shafi wannan ciwo ba. A haka na ci karo da labarin cewa ranar 16 ga Fabrairu 2024 hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da wani magani mai suna lifileucel, wanda kamfanin Iovance yake sayarwa da sunan Amtagvi, don masu melanoma da ta bazu kuma sauran magunguna suka gaza a kansu. Maganin daga jikin majinyacin kansa ake samo shi. Shi ne karo na farko da aka amince da maganin fararen ƙwayoyin jini na T masu rai don dajin da yake curewa ya zama ƙari, domin waɗanda suka gabace shi na kansar jini ne.

Tushen abin yana komawa ga wani likitan tiyata, Steven Rosenberg. A 1968, yana koyon aiki a wani asibitin tsofaffin sojoji kusa da Boston, aka kawo masa wani dattijo mai ciwon matsarmama. Da ya buɗe tsohon fayil ɗinsa sai ya ga shekara 12 da suka wuce an taɓa samunsa da dajin tumbi wanda ya riga ya kai hanta, aka sallame shi ya je gida ya jira ajali. Rosenberg ya yi masa aikin matsarmamar, ya lalube cikinsa, bai ga ko alamar daji ba. Ba wani magani da mutumin ya sha. Jikinsa ne ya cinye ciwon. Tambayar da ta riƙe Rosenberg tsawon rayuwarsa ita ce: in jiki ɗaya ya iya, yaya za a sa sauran su iya?

A 1974 ya zama shugaban sashen tiyata a Cibiyar Binciken Daji ta Ƙasar Amurka da ke Bethesda. A 1976 aka gano wani sinadari da jiki yake yi, wanda daga baya aka sa wa suna IL-2, mai sa wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin T su hayayyafa. Ya gwada hanyoyinsa a kan marasa lafiya 66 a jere, ba wanda ya tashi. Ina yawan tsayawa a kan wannan adadi. Mutum 66, kowanne da iyalinsa, kowanne ya sa rai, kuma likitan ya ci gaba da fitowa aiki. Ta 67, wata jami'ar sojan ruwa mai melanoma da ta bazu, aka yi mata a 1984, ciwon ya ɓace, ta rayu shekaru da dama bayan haka.

Daga nan ya lura da wani abu da ya fi wannan. In aka yanka ƙarin daji aka duba da madubin likita, sau da yawa ana ganin ƙwayoyin T a cikinsa, sun kutsa har tsakiya. Ba da ka suka shiga ba: sun gane cewa wannan nama baƙo ne, sun zo yaƙi, sai dai sun yi kaɗan, kuma dajin yana da hanyoyin kashe musu jiki. Sai ya ce to a fitar da su daga wurin, a rene su a waje. Manomin shinkafa ba ya bukatar dogon bayani a nan. Irin da za ka watsa a gonar da ciyawa ta cinye ba zai kai labari ba. Sai ka ware masa wuri mai kyau ka rene shi, ka share gonar tas, sannan ka yi dashe. A 1988 Rosenberg ya wallafa sakamakon mutum 20 da aka yi wa haka, ƙarin ya ragu a jikin 11, amma a wurin da yawa sauƙin bai daɗe ba. Sai a 2002 ƙungiyarsa ta nuna cewa sharar gonar ce ta rage: in aka fara ba majinyaci kemo mai ƙarfi ta kwashe fararen ƙwayoyin da ke jikinsa, sababbin suna samun wurin zama su daɗe.

Yadda ake yi a yau ke nan. Likitan tiyata ya yanko ƙarin da bai gaza santimita 1.5 ba, a sa shi cikin sanyi a kai masana'antar kamfanin a Filadelfiya. A can a daddatsa shi, a zuba IL-2, ƙwayoyin T su fito su yi ta ninkuwa har kwana 22, su kai tsakanin biliyan 7.5 da biliyan 72. A daskarar da su a mayar asibiti. Majinyaci ya sha kemo na mako guda, a ɗaura masa ƙwayoyinsa kamar ƙarin ruwa sau ɗaya, a bi shi da allurar IL-2 har zuwa shida. Wahala ce ta gaske. Akwai kwanakin da jikinsa ba shi da garkuwa ko kaɗan, ƙaramin zazzaɓi zai iya kai shi lahira; ga rawar ɗari, ga faɗuwar jini, ga ruwa a huhu. Akwai waɗanda maganin da kansa ya yi ajalinsu, kuma an rubuta wannan gargaɗi ɓaro-ɓaro a takardarsa. A gwajin da aka dogara da shi, ƙarin ya ragu ko ya ɓace a jikin kashi 31 cikin 100. Wani zai ce ai bai kai rabi ba. Amma waɗannan mutane ne da aka riga aka gama musu duk wata dabara, kuma a cikin waɗanda ya karɓa akwai masu shekaru ciwon bai dawo ba.

Da na kai nan a karatuna, sai na je na ciro takardar sakamakon Baffa daga cikin jakar da muke ajiye takardun gona. A ƙasa, bayan kauri da sauran ma'aunai, akwai layi guda da ban kula da shi ba a da. Mai binciken ya rubuta cewa ya ga irin waɗannan ƙwayoyi a cikin ƙarin, amma ba su da yawa. Ashe abu ne da masu binciken nama suka saba rubutawa a sakamakon melanoma. Na daɗe zaune da takardar a hannuna. Duk watannin da muke ɗaure ƙafar nan da tsumma, jikin Baffa ya gane abin, yana ta fama da shi iyakar ƙarfinsa. Kuma wani likita a Maiduguri, da madubinsa, ya ga ainihin abin da ake renowa a Filadelfiya. Wannan ya canja mini yadda nake kallon nisan da ke tsakaninmu da su.

Nisan dai yana nan. A 2024 kuɗin Amtagvi dala 515,000 ne, ban da kuɗin tiyata da kwanciya. A canjin 2024 ya haura naira miliyan 700, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a shekarar. Abokaina da na ba labarin sun ce in daina ɓata lokacina, wannan ba namu ba ne. Ban yarda da su ba, kuma ina da dalili.

Wannan farashi na kamfani ne. A Holan da Denmak asibitoci ne da kansu suke renon ƙwayoyin, ba don riba ba. Cibiyar Daji ta Holan da ke Amsterdam, ƙarƙashin John Haanen, tare da asibitin Herlev kusa da Kopenhagen, sun gwada hanyar a kan mutum 168, suka wallafa a 2022: ƙarin ya ragu a jikin kashi 49 cikin 100 na waɗanda aka yi wa, a kan kashi 21 na waɗanda aka ba allurar ipilimumab, ya ɓace gaba ɗaya a jikin kashi 20, a kan kashi 7. Tun 2023 inshorar lafiya ta kowa da kowa a Holan take biya. A Indiya kuma, a Oktoba 2023 aka amince da NexCAR19, wani maganin ƙwayoyin T na kansar jini da masanan Mumbai suka haɗa a gida, kuɗinsa wajen kashi ɗaya cikin goma na irinsa a Amurka. Mu ma ba daga sifiri za mu fara ba. Tun 2011 Dakta Nosakhare Bazuaye ya yi dashen ɓargo na farko a Najeriya, a asibitin koyarwa na Benin, ga wani yaro mai sikila, kuma a 2024 asibitin koyarwa na Legas ya fara nasa. Ɗakin da zai iya riƙe mai dashen ɓargo a kwanakin da ba shi da garkuwa, irinsa ake bukata a nan.

Akwai wani dalilin da ya fi damuna. Melanomar da rana ta haifar cike take da sauye-sauye a ƙwayar halittarta, saboda ɓarnar da hasken rana ya yi, kuma waɗannan sauye-sauye su ne alamun da ƙwayoyin T suke gane ta da su. Ta tafin ƙafa ba ta da su da yawa, don haka ta fi iya ɓuya, kuma alluran garkuwar jiki irin wadda aka yi wa Carter ba sa kama ta kamar yadda suke kama ta Turawa. Manyan gwaje-gwajen da aka yi, yawancin mutanen ciki farare ne masu nau'in rana. Ke nan ko da yau wani ya biya mana kuɗin, za a yi mana magani ne da aka auna a jikin wasu. Wanda zai amsa tambayar yadda dajin tafin ƙafa yake, da abin da ke tayar da shi, da ko yawan rauni da taka ƙasa suna da hannu a ciki, sai wanda yake da marasa lafiyar a gabansa. Suna nan a Jere, da Kano, da Sakkwato, da Maraɗi. Kowane ɗan naman da aka yanka aka bincika aka adana, da takardarsa, ilimi ne da duniya ba ta da isasshensa. Kowane gyambon da aka binne ba a bincika ba kuma ya tafi da nasa.

Na san inda muke. Ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwan kogin Ngadda da muke noma da shi ya shanye rabin Maiduguri, ya shiga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ya lalata na'urori masu tsada, har da na cibiyar kula da masu daji. Renon ƙwayoyin halitta yana son wutar da ba ta ɗaukewa ko na minti ɗaya, da ɗaki mai tsabtar da ko ƙura ba ta shiga, da bankin jini, da ma'aikatan da ba su tafi Saudiyya ko Ingila ba. Ba zan ce gobe za a yi a Borno ba. Abin da nake cewa shi ne matakin farko na wannan doguwar hanya da matakin da zai ceci irin su Baffa tun yau abu ɗaya ne: a ga tabon da wuri, a yanka, a kai ɗakin gwaji. Maganin da ya fi kowanne ci gaba a duniya da wuƙar likita yake farawa, ƙarfen nan da aka ce daji ba ya so.

Ba melanoma kaɗai ba. 'Yan'uwanmu zabiya, da fatarsu ba ta da abin kare rana, wani nau'in dajin fata ne yake cin su a fuska da wuya da kunne tun suna matasa, kuma hula mai faɗi da riga mai dogon hannu da man kariya suna hana da yawa daga ciki. Tsohon gyambo ko tabon ƙuna da ya shekara da shekaru bai rufe ba shi ma yana iya rikiɗewa ya zama daji. Likitoci sun san wannan tun ƙarni na 19. A garin da kusan kowane gida akwai mai tsohon rauni a ƙafa, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Na koma wurin wanzamin da ya kankare tabon. Na gaishe shi, na nuna masa hotuna a waya, na ce, "Baba, in aka kawo maka baƙin tabo a tafin ƙafa wanda yake faɗaɗa, ko launinsa ya kasu, ko bakinsa ba daidai ba, ko baƙin layi a farce da yake ƙara faɗi har ya taɓa fata, don Allah kada aska ta taɓa shi. Ka ce su tafi asibiti." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, da na sani ai da ban taɓa na ɗan'uwanka ba." Na ce masa ba wanda ya taɓa gaya masa, kuma ni ma da nake da takardar makaranta ba wanda ya taɓa gaya mini. Wanzamai da masu kemis su ne suke fara ganin ƙafafun mutanenmu, shekara guda ko biyu kafin likita ya gani. Duk shirin da ya tsallake su ya tsallake marasa lafiyar. Na kuma roƙi limaminmu ya riƙa tunatarwa cewa mai wanke ƙafarsa sau biyar a yini ya ɗaga ta ya dubi tafin, tsoho kuma da ba ya iya sunkuyawa jikansa ya duba masa. Ya faɗa a masallaci bayan sallar Magariba, mutane suka yi ta tambaya.

Tun daga lokacin wanzamin ya turo mini mutane. Wani magidanci mai baƙin tabo a tsakiyar tafin ƙafa na raka shi gari, aka yanke tabon gaba ɗaya aka bincika, sakamako ya nuna ba daji ba ne. Mun yi hamdala. Amma kuɗin mota, da na kati, da na aikin, da na gwajin, sun ci masa abin da ya kai buhun shanshera, kuma ya gaya mini a fili cewa da ya san haka ne da bai je ba. Wata tsohuwa kuwa da aka ce ta kawo kuɗin gwaji ta ce za ta je ta dawo, ba ta dawo ba, kuma na san ba taurin kai ne ya hana ta ba. A nan mutanenmu suke juyawa, a bakin tagar biyan kuɗin gwajin nama. Gwamnatin jiha da hukumar inshorar lafiyarta za su iya ɗauke wannan kuɗi ɗaya ga duk wanda asibitin karkara ya turo da tabo ko gyambon da ake zargi, su kuma sa ma'aikacin lafiya na Zabarmari da na Khaddamari su san lambar wanda za su kira a ɗakin gwaji, don sakamako ya riƙa iske mutum a garinsu maimakon ya sake biyan mota ya je nema.